Ciyawar Gidan Dinko

Gidan Dinko yana manne da namu, shingen katako ne kawai a tsakani. Ɗaki uku ne, da murhun itacen da ya fi nawa ɗumama ɗaki, kuma tun da tsohon ya mutu ba wanda ya sake kwana a cikinsa. A tsakar gidana kuwa 'yata Tahlia ce da 'ya'yanta biyu cikin tirela, irin wadda masu yawon hutu suke ja da mota. Tun da ubansu ya tattara ya bi wata zuwa Queensland suke ciki. Namu gidan ɗaki ne da falo. In sanyi ya tsananta yaran su kwana a kan doguwar kujerata, uwar ta kwana a tirela da rigar sanyi biyu. Kullum da safe in na ɗaga labulen kicin, ga tirela tana ɗigar da ruwa, ga gida can ba kowa. To a gaya mini yadda mutum zai sha shayi da daɗin rai.

Haya a garin nan? Kada ma a fara. Kamfanin ma'adinai ya kama rabin gidajen ya zuba ma'aikatansa, sauran an shafa musu fenti ana ba baƙi masu kwana biyu su tafi. Waɗanda suka rage su ne irin na Dinko, a kulle, ba a san mai su ba. Tahlia tana girki a gidan kula da tsofaffi, ba ta rasa abin biyan haya ba, gidan ne babu. Wata ƙawarta a Geelong, can hayin teku, ta dame ta da waya, wai ga aiki ga ɗaki. Ran nan tana shanya kayan makarantar yara a jikin murhuna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mama, sanyi ɗaya zan ƙara yi a cikin gwangwanin nan. In ban samu gida ba, zan haye da su."

Hayewa a wurinmu mutanen tsibirin Tasmania ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya shiga jirgin ruwan nan da kayansa, sai dai a gan shi a Kirsimeti, shi ma ba kowace ba. Na ce mata, "Ga gida a gefenki kina maganar teku. Ki bar ni da shi."

Na fara da ofishin filaye. Sunan Dinko ne har yanzu a takardar gidan, mutumin da ni da kaina na yi wa kek ɗin zaman makoki. Amma wani yana biyan harajin gidan duk shekara, in ba haka ba da hukuma ta daɗe da sayar da shi. Wanda ake aika wa takardar haraji shi nake nema, kuma ƙaramar hukuma ta san shi. Na sa takalmin zuwa coci na tafi.

Bronte na tarar a teburin karɓar jama'a. Yarinyar da na share wa majina lokacin ina sayar da abinci a makarantar firamare, yanzu ta yi gilashi da kati a wuya.

"Anti Noeline! Yaya Kawu Merv da gwiwa?"

"Gwiwa tana nan, bakin ne ya fi damuna. Ke, gidan Dinko. Wa yake biyan harajinsa?"

Ta taɓa na'urarta, na ga idonta ya tsaya a kan wani abu. Sunan yana nan a gabanta, tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba.

"Anti, ba zan iya faɗa miki ba. Sirrin mai gida ne."

"Sirri? Kuɗi zan ba shi, 'yar nan, ba duka ba."

"Na sani."

"To rubuta masa. Ki ce wata tsohuwa tana roƙo."

"Ba a ba mu damar amfani da adireshin don wani abu ba, sai haraji." Ta rage murya. "Amma akwai hanya. Gidan da aka tabbatar kango ne, ana liƙa sanarwa a ƙofarsa, da sunan mai shi da inda yake. Wannan kowa yana da ikon gani. Ki nemi a turo mai dubawa."

Na nema. Aka ce zai zo ranar Alhamis. Kuskurena ɗaya, na faɗa wa mijina Merv.

A layinmu ba a barin gidan maƙwabci ya zama jeji. Mutum ya kwanta asibiti, wani zai yanke masa ciyawa, wata ta kwashe takardun talla daga akwatin wasiƙunsa, wani ya fitar masa da bola. Ba a roƙo, ba a godiya. Dinko ya kwanta Merv ya fara tura injinsa na yankan ciyawa ta can, Dinko ya mutu Merv bai ga dalilin dainawa ba. Shekaru yana yi. Iska ta ɗaga kwano, ya hau ya buga. Magudanar rufi ta toshe, ya yashe. Ni ma ban wanke kaina ba, ni ce mai goge tagogin gaba.

Ranar Laraba na dawo daga kasuwa na ji ƙarar inji. Tsohon nan ya yi wa filin Dinko aski tas, ya datse shinge, har da share baranda.

"Merv! Me kake yi haka?"

"Ba kin ce ma'aikaci zai zo ba? So kike ya koma ya ce mutanen layin Tramway ƙazamai ne?"

Mai dubawa ya zo. Merv ya haɗa masa shayi, ya zagaya da shi yana nuna masa kowace ƙusa da ya buga, yana washe baki kamar mai aurar da 'ya. Mutumin ya ɗauki hoto, ya yaba, ya ce da kowane layi haka yake da ya huta. Bayan 'yan makonni amsa ta zo: gida yana cikin kyakkyawan hali, ana kula da shi, ba kango ba ne.

Na koma wurin Bronte raina a ɓace. Na ce mata shekara nawa ba a kunna fitila a gidan ba, kowa ya sani, ita ma ta sani.

"Zama ba kowa ba laifi ba ne, Anti. Lalacewa ce laifi."

"Wato sai ya rushe za ku gaya mini mai shi?"

Ta dubi ƙofar ofishin shugabanta, ta dube ni. "Ni dai ban ce komai ba. Amma gidan da ake yi wa aski duk mako ba ya shiga cikin kangaye."

Da yamma na tara su a kicin, Merv da Tahlia, na ce daga yau ba mai sake taɓa gidan Dinko. Na bi layi gida gida na faɗa. Wasu suka ce to, wasu suka kalle ni kamar na ce a daina gaisuwa. Merv ya tashi ya tura injinsa can ƙuryar rumfa ya rufa masa buhu.

A garin da ruwa ba ya ɗaukewa, ciyawa ba ta jiran kowa. Kafin a ce me ta kai gwiwa, ƙaya ta haura shinge, takardun talla suka cika akwati suka zubo suka jiƙe. Merv ya daina bi ta gaban gidan. In zai je sayen jarida sai ya zagaya ta bayan layi, da gwiwar tasa. Ya daina cin abinci sosai. Na ce masa, "Kai tsoho, ciyawa ce fa, ba uwarka ba." Ya ce, "Dinko ya taɓa ɗauko ni daga cikin ramin ma'adinai a kafaɗarsa." Daga nan ban ƙara tsokanarsa ba.

Na sake kiran mai dubawa. Ya zo ya tsaya a bakin titi, ya ce ciyawa dai ciyawa ce, za a aika wa mai gida gargaɗi ya yanke. Ginin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Sai aka yi wata iska da rana tsaka, irin mai zuwa daga teku tana kwasar kwandunan bola. Muna kicin muka ji ƙara, ƙwam, ƙwam. Fallen kwano ɗaya ne a kan ɗakin tsakiya na gidan Dinko ya ɗaga yana dukan ɗan'uwansa. Kafin in ajiye kofi Merv ya fita. Na same shi ya jingina tsani, guduma a aljihun baya, ruwa yana dukansa.

"Sauko."

"Noeline, ruwa zai shiga."

"Ya shiga. Abin da suke so su gani ke nan."

"Ba ki san abin da ruwa yake yi wa gida ba."

"Na san abin da jirgi yake yi wa jikoki. Ka hau ka buga, sannan ka ɗauke su da motarka ka kai su tasha da hannunka."

Tahlia tana tsaye a ƙofar tirela, ta rungume ƙaramar. Merv ya dube ta. Ba ta ce hau ba, ba ta ce sauko ba. Ya daɗe da ƙafa ɗaya a kan tsani, sannan ya sauke ta. Kafin yamma kwanon ya fizge ya faɗa filin baya.

Muka shiga jira. Na kira hukuma, aka ce mai dubawa yana hutu. Na sake kira, aka ce shi kaɗai ne a yankin gaba ɗaya, sai layi ya zo kanmu. Da ya zo ya ɗauki hoto, aka ce sai majalisa ta zauna. Majalisa ta zauna ta ɗage. Duk wannan ruwa yana zuba ta ramin nan, dare da rana. 'Yan makaranta suka gane gidan ba mai shi, suka farfasa tagogin da nake gogewa. Wari ya fara ketowa ta shinge. Ƙaramar jikata ta kama tarin da ya ƙi warkewa. Ni kuwa kullum in ce wa Tahlia saura kaɗan, har na ji kunyar bakina.

Sanyi ya kusa ƙarewa aka zo aka ɗaure sanarwa a ƙofar shinge, cikin leda. Da silifa na fita. Vesna Radman, garin Fremantle, can nesa hayin teku. Na karanta na sake karantawa. Wallahi a ranar na yi murna, murna ta gaske, har na saya wa yara kifi da dankali. Tahlia ta binciko lambar wayar a wurin aiki. Muka zauna a teburin kicin mu uku, aka sa wayar a tsakiya kowa yana ji.

Muryar dattijuwa ce, mai sanyi. 'Yar ƙanwar Dinko ce, ba ta taɓa taka Tasmania ba. Ta ce tana biyan harajin ne saboda kawunta, ta kasa raba kanta da gidan, ta kuma kasa zuwa. Na zayyana mata komai, tirela, yara, haya.

"Wayyo, 'yar'uwa," ta ce. "Me ya sa ba ku neme ni ba tun tuni?"

Na dubi Merv, ita kuwa ta ci gaba.

"Ai da na aiko muku da mabuɗi. Ko haya ba na so, a dai samu mai kunna wuta a ciki. Ban san akwai mai so ba, an ce mini garin ya mutu." Ta ja numfashi. "Hukuma ta aiko mini da hotuna tun watan jiya, ta ce in gyara ko in rushe. Na kira magini ya duba, abin da ya faɗa ko gidan da nake ciki na sayar ba zai isa ba. Na riga na sa hannu da masu katafila."

Tahlia ta matso da bakinta kusa da wayar. "Anti, in mun gyara da kanmu fa? Babana ya iya aiki."

"Ku shiga ku gani, 'yata. In zai gyaru, na rantse zan dakatar da su."

Ba mu nemi mabuɗi ba, ƙofar baya ta kumbura ta buɗe da kanta. Merv ne a gaba. Silin ɗin ɗakin tsakiya ya zubo gaba ɗaya a kan gadon Dinko. Bango ya yi baƙi da fumfuna tun daga ƙasa har sama, har cikin sauran ɗakunan. Murhun da nake yi wa hassada ya yi tsatsa ja. Merv ya taka tsakiyar falo, katakon ya lotsa, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Ya zaro ta, ya tsuguna da ƙyar, ya cusa yatsa cikin gungumen da ke riƙe da daɓen. Yatsan ya shige kamar cikin burodi.

"Baba?" in ji Tahlia.

Ya girgiza kai. Bai dube ni ba, kuma na gode masa da bai dube ni ba. Na so in yi ihu, in zagi hukuma, in zagi Bronte da gilashinta, in zagi ruwa. Sai dai na tsaya ina kallon sama ta cikin rufin.

Tahlia ta zagaya ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ta toshe hanci da hannun riga. A ƙaramin ɗakin da ke kallon tsakar gidana ta fi daɗewa. Sannan ta fito ta wuce mu, muka bi ta cikin ciyawa har bakin shinge. A nan ta tsaya tana kakkaɓe ƙaya daga wandonta.

"Mama, babban akwatinki mai taya yana nan?"

"Yana ƙarƙashin gado," na ce. "Zif ɗin yana ɗan cijewa. Bari in sa babanki ya duba miki."