Tulun Barau

Wanda ya hana mai yunwa abinci yau domin gari ya sami abin ci baɗi, alheri ya yi ko zalunci? Na kai tambayar nan gaban malaman Jega, na kai ta Maiyama. Kowa ya ba ni amsa, amma ba wadda ta zauna mini. Saboda kakata Tamu nake yin ta.

A Sabiyal ba wanda bai ci daga hannunta ba. Gidanmu yana bakin hanyar kasuwar Jega, kullum da safe sai ta dama fura ta ajiye a zaure, ta rufe da faifai, ludayi a kai. Masu jakunan albasa, Fulani masu wucewa da shanu, har 'yan dakon da Nasara ke korowa da akwatuna a ka, duk sun san ƙwaryar nan. Ba ta tambayar sunan kowa. Ni jikanta Hamidu, mijinta take kirana, har bayan na girma na auri Kaltume. In na dawo daga gona sai ta ce wannan miji bai iya komai ba sai buɗa ciki, gobe za ta kai ƙarata wurin alƙali.

Danga ɗaya ta raba mu da ƙawarta Gambo. Tare suke kaɗi, tare suke daka, suna faɗa a kan wadda ta fi iya miyar kuka. Ɗan Gambo, Barau, a hannun Tamu aka haife shi, shi ya sa yake ce mata Inna.

Akwai aiki guda da ba ta bar wa kowa. Da kaka, kafin a ɗaure dammuna, sai ta bi ta zaɓi zangarniyar geron da ta fi cika. Ta sussuke, ta gauraya da toka don kada ƙwari su shiga, ta ɗura a manyan tuluna, ta liƙe bakinsu da laka. Wannan shi ne irin shuka, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka.

Shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci ƙasar, damina ta ɗauke tun gero yana da ciki. Kafin bazara rumbuna sun zama fayau. Muka koma ga tafasa da dusa, wasu har tonon gidan tururuwa suke yi don 'yan ƙwayoyin da ke ciki. Gida bayan gida mutane suka cinye irin shukarsu. Tulunan Tamu kaɗai suka rage a liƙe.

Wata rana da hantsi Barau ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, tsohuwa ba ta iya haɗiyar tafasa. Ki fasa tulu guda in dama mata kunu."

"In na fasa maka yau, Barau, gobe wa zan hana? Kahin ruwa shi sauka, babu ƙwaya guda garin ga."

Ya ce Gambo fa ake magana, ba wata ba. Ta ce ta sani. Ni ma na sa baki, na ce ko ƙoƙo guda ne a ba shi a ɓoye. Ta ce ƙanshin kunun gero ba ya ɓoyuwa a garin da ake yunwa.

Daga ranar, ɗan rabonta na dusa take tacewa ta kai wa Gambo, ta wuni tana yi mata fifita. Bai wadatar ba. Gambo ta rasu, ba a jima ba hadari ya haɗu.

Da ruwa ya sauka, Tamu ta fasa tulunan a tsakar gida, kowane maigida ya zo da ƙoƙonsa. Barau bai zo ba, sai ta ba ni nasa na kai masa. Ya ce in mayar mata, shi ba zai shuka abin da aka fifita a kan uwarsa ba. Ya bar gonar ubansa ga ciyawa, ya koma Jega yana sauke gishiri da goro daga jirage a bakin gulbi.

Gari ya yi girbi a shekarar. Mutane suka riƙa cewa Tamu ce ta cece su. Ita kuwa in an fara yabon sai ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta. Kowace kaka kuma sai ta cika wani ƙaramin tulu daban, ta ce na Barau ne. In shekara ta zagayo bai zo ba, ta daka tsohon irin ta yi furar zaure da shi, ta zuba sabo.

Na taɓa tambayarta, tana kaɗi, in da za a maido ranar, za ta fasa? Ta daɗe tana murza mazari.

"Ban sani ba, mijina. Shi ya sa nika aje mishi."

Da ciwon ajali ya kama ta, abu ɗaya ta nema, Barau ya zo ya yafe mata. Na same shi a bakin gulbi. Ya tambayi jikinta cikin ladabi, ya ce Allah ya ba ta sauƙi, sannan ya ce yana da kaya a jirgi. Da na dawo na gaya mata, ba ta yi kuka ba. Tambayata ta yi ko ya rame, ko yana da mai dafa masa abinci.

Ta rasu a tsakiyar bazara. Mutane suka zo daga Aliero da Giwa Tazo, wasu ma ba mu san su ba, furar zaure ce ta kawo su. Barau ya zo ya tsaya a sahun baya. Da liman ya ce duk wanda ta ɓata wa ya yafe mata, kowa ya amsa. Ni bakin Barau nake kallo, bai motsa ba.

Bayan 'yan kwanaki muka fara ganin hayaƙi wajen gonar ubansa, wani yana ƙona sassabe. Washegarin ruwan farko, na saɓa sungumi zan fita, sai na ji sallamar Barau a zaure. Kaltume ta riga ta ajiye fura a inda Tamu ke ajiyewa. Ya zauna kusa da ƙwaryar yana kallonta.

Ya ce a Jega geron Sabiyal kaɗai yake saye, don shi ne yake yi masa daɗin tuwo. Ranar da ya koma daga jana'iza, yana cikin cin tuwo, sai ya tuna cewa duk geron garin nan jikan irin tulunan Tamu ne.

"Na daɗe ina ci, Hamidu. Shuka kaɗai na ƙi." Ya share fuska da hannun riga. "An ce ina da ajiya gidan ga."

Na shiga na ɗauko ƙaramin tulun. Ya ɓare lakar da ɗan yatsa, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya hure tokar. Ya tambaya ko na bana ne. Na ce na bana ne, da hannunta ta zaɓa.

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ɗauki ludayi ya sha furar, muka nufi gonar ubansa. Ina gaba ina saran rami da sungumi, yana biye da tulun a hammata, yana jefa iri yana rufewa da diddige.