Jan Ƙato na Kudu

Ni na ɗauki littafin, gara in faɗa tun yanzu. Malam Mutawakkil malamin kimiyya ne da aka turo wa makarantar ƙauyenmu daga Tambuwal, bayan shekara uku ba mu da kowa, kuma a ɗakin zaurena ya sauka. Tuwonmu ɗaya. Ba ni da ta cewa a kan halinsa sai abu guda. Tun da bazara ta kama, da an sallame Isha sai ya ɗauki madubin hangen nesa ya hau tudun masussuka ya fuskanci kudu. Kudu kuwa daji ne har bayan Kebbe, inda ko itace mun daina zuwa yi saboda 'yan bindiga. Duk faɗin duniya mutum ya rasa inda zai kalla sai can?

Kwana goma abin yana ci mini rai. Ran Talata yana aji na shiga ɗakin na buɗe jakarsa. Bokona na yaƙi da jahilci ne, amma da Hausa ya rubuta, ɓaro-ɓaro: "Jan ƙato. Kudu. Yana bayyana bayan Isha. Mai sanyi, 3,600. Nisa, 88." Kowa ya san irin sunayen da manyan daji suke laƙa wa kansu. Ko takalmi ban tsaya sawa ba na kai wa Na'iya, shugaban 'yan sa-kai.

Bayan La'asar aka taru a zauren mai gari. Magana ɗaya ce, in Malam bai wanke kansa ba za a ɗaure shi a miƙa wa sojoji da sunan infoma.

Na'iya ya buga littafin a tabarma. "Wane na Jan Ƙato? Tamanin da takwas ɗin ga, babura na ko bindigogi?"

"Tauraro na, ranka ya daɗe," in ji Malam, yana duban mai gari. "Turawa na ce mishi Gacrux. Ni nika neman sunan da yara ka iya riƙewa."

Aka yi wata dariya marar daɗi. Na'iya ya ce, "To mun ji. Kac ce mai sanyi, kuma ka aza dubu ukku da ɗari shidda. Wace wuta ka kai haka a ce mata sanyi? Jama'a, kun ga ya fara kama kanshi."

Ni ma a nan na ce an gama. Amma Malam ya juya wajen Siddiƙ maƙeri, ya tambaye shi wane ƙarfe ya fi zafi, ja ko wanda ya yi fari. Siddiƙ ya yi ta sosa ƙeya, don ba ya son a ce ya goyi bayan baƙo, daga ƙarshe dai ya ce fari.

"To haka na," in ji Malam. "Rana ta kusa dubu shidda, shi bai kai dubu fuɗu ba, shi ya sa yay yi ja. Tsufa yay yi ya kumbura, faɗinshi ya kai rana saba'in ko tamanin a jere. Tamanin da takwas kuwa shekarun da haskenshi ka yi a hanya na. Wanda za ku gani yau, tun ba a haifi mai gari ba yat taso."

Mai gari ya ɓata fuska, ba ya son a taɓa shekarunsa. Ya ce a kai su wurin su gani da idonsu.

Bayan Isha muka hau tudun, Malam a tsakiyar mutum shida masu bindigar toka. Ya nuna taurari huɗu can ƙasa-ƙasa, saman itatuwan dajin. Na sama a cikinsu ja ne, ko ba madubi ana ganewa. Na'iya ya leƙa ya daɗe, ya juya madubin yana neman inda ake magana a jikinsa kamar waya, bai samu ba. Da aka miƙo mini na ga ɗan ɗigo kamar garwashi, yana zaune abinsa, bai san da mu ba. Kunya ta rufe ni har na rasa wanda zan miƙa wa madubin.

Mai gari ya ce a ba Malam haƙuri, magana ta mutu. Na'iya dai ya mayar mini da littafin, ya ce shi zai ci gaba da sa ido.

Da safe na fito na tarar ana ɗaure katifar Malam a bayan babur. Na ce ya dubi Allah ya dubi yaran nan, jarrabawa saura wata guda. Ya karɓi littafinsa daga hannuna ya sa a aljihu.

"Baba Ɗanmaliki, wata biyar muna sa hannu a kwano ɗaya," ya ce. "Da ka tambaye ni mi nika kallo, da kai ne farkon wanda zan nuna ma."

Ya hau babur suka ɗauki hanyar Tambuwal. Har yau ba a turo mana wani ba.