Kifin Kakan Wenzu

Wata biyu da kama aikina a hukumar adana kayan tarihi, aka tura ni tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garinmu, wadda Turawan Ingila suka gina lokacin da suke mulkin Malta. Jirgi ya daina bi ta nan tun kafin a haifi kakana, amma ɗakin jira da tagar tikiti suna nan daram. Za a mayar da ginin gidan tarihi, ni kuwa aikina shi ne in tantance abin da bai kamata a taɓa ba.

Wani tsohon magini mai suna Wenzu ya ja ni bayan ginin, ya nuna mini ƙananan zane a jikin duwatsu: mabuɗi, tauraro, kifi.

"Mai takarda, an koya maka wannan a makaranta? Kowane masassaƙin dutse da alamarsa. Kifin nan na kakana ne. Allon da ke ƙofar tashar kuwa sunan Bature kaɗai ya sani."

Washegari ɗan kwangila, Sur Fenech, wato Malam Fenech a harshenmu, ya ce za a kankare bangon ya yi haske kafin bikin buɗewa. Na roƙe shi ya dakata.

"Haba yaro, saboda wannan tonon kajin? Kawo takardar hani, in ba haka ba ka matsa mini."

Na zauna rubuta wa ofishinmu wasiƙa. Da yake ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, kwana uku na yi ina sauya kalmomi, don kada wata ta ɓata wa wani rai. Ranar da na zo da takardar hanin, na tarar da bangon fari fat, sumul. Aikin hannun mutum arba'in ya zama ƙura a kan takalmana. Na rasa wanda na fi jin haushi, Fenech ko ni kaina.

"Sannu da ƙoƙari," in ji Wenzu. "Ka gama gyaran waƙafin?"

Ya ɗauki guduma da ƙarfen sassaƙa, ya sake fitar da kifin a gurbinsa, a gaban idona.

"To, na ɓata ginin hukuma. Kai ƙarata, ɗana. Ai ka iya wasiƙa."

Doka ta wajabta mini in kai rahotonsa, kuma ƙarya a rahoto tana iya raba ni da aikina. Na buɗe littafina na rubuta: "Bangon baya, alamar kifi guda ɗaya, ta asali." Na sa hannu ban sake karantawa ba.