Ranar da Aka So Shafa wa Bahago Fatiha

Duk wanda ya yi wayo a Ƙofar Kibo cikin shekarun tamanin ya san Aƙilu Bahago, in bai san shi a maƙera ba to ya san shi a bakin raga. Gola ne irin na da, wanda ba ya sa safar hannu, don ya ce tafin da ya saba da guduma ba ya bukatar riga. Daga Tudun Wada har Sabon Gari babu ɗan gaban da bai taɓa komawa gida yana cizon yatsa saboda shi ba. Yaran yanzu da ake ɗora wa ƙanƙara don an taka musu ƙafa, da sun ga Bahago ya faɗi a kan tsakuwa ya miƙe yana dariya, da tuni sun nemi wata sana'a.

Sai dai gwiwarsa ta dama ta fara gajiya da shi. Furfura ta sauko masa gemu, har ya aurar da 'yarsa ta fari. Kowace shekara, da damina ta ja baya aka fara shirin gasar unguwanni, shi ne kan gaba a gudun safe a gindin ganuwa, shi ne a raga a kowane wasan sada zumunta. Kafin gasar ta yi nisa sai gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, ƙungiya kuma ta zube a tsakiyar tafiya.

A wannan shekarar aka ba Lawal horar da ƙungiya. Lawal ɗan yayar Bahago ne, malamin firamare, mai sanyin magana. Da hantsi ya zo maƙera, ya durƙusa ya gaida kawunsa, ya yi ta kewaye-kewaye har ƙarfen da ke wuta ya yi ja.

“Kai, ɗan nan, faɗi abin da ya kawo ka. Gawayina ne ke ƙarewa.”

“Kawu, so nake manyanmu su huta a wasannin share fage. Ka ajiye gwiwar nan sai ranar buɗe gasa, ranar da za mu kara da 'yan unguwar Kongo.”

“Ni ne manyan?”

“Kai da Kawu Shehu.”

“Shehu ai tun bara ƙwallo ke wuce shi yana yi mata sallama. Ni kuwa wa zai tsare muku raga?”

“Jalo zai riƙe.”

“Jalo! Wanda ko kwanon tuwo aka miƙa masa sai ya suɓuce?”

Ya yi faɗa, ya buga maƙera, ya kira sunayen mutanen da ya hana cin ƙwallo tun kafin a yaye Lawal. Amma Bahago ba wawa ba ne. Ya san yadda yake tashi daga sujada a 'yan kwanakin nan, hannu ɗaya a bango. A ƙarshe ya ce ya yarda, kuma kowa ya sani shi ya ga dama.

Kuskuren daga ladabi ya fito. Lawal ya ga ba zai iya zaunar da ƙanin mahaifiyarsa a benci ɗaya da samari ba. Don haka ranar wasan farko ya sayo sabuwar tabarma, ya shimfiɗa ta a gindin darbejiyar bakin fili, ya ajiye buta da ƙullin goro. Bai tuna cewa a nan dattawan unguwa suke zama bayan la'asar ba, kuma a birni ba a shimfiɗa wa mutum sabuwar tabarma a wurin sai ya ajiye ƙuruciya. Bahago ya zo cikin babbar riga, ya harɗe, yana cin goro yana zagin Jalo daga nesa. Shi a ganinsa an ba shi girmansa ne.

Washegari mutane suka fara tsayawa a ƙofar maƙera.

“Sannu da hutawa, Malam Aƙilu. Allah ya sa a gama lafiya.”

Malam Aƙilu! Mutumin da ko mahaifiyarsa Bahago take ce masa. Da ya koma gida cin abincin rana, matarsa Batulu ta tare shi da fara'a.

“Maigida, ashe abin arziki ka yi ba ka gaya mini ba? Mata sun yi ta shigowa barka.”

“Barkar me? Haihuwa kika yi ban sani ba?”

“Barkar ka daina tsalle-tsalle da gajeren wando. An ce ranar Asabar Malam Labaran zai zo fili da kansa ya yi maka addu'a, ka shiga sahun dattawa.”

Bahago ya ture kwanon tuwon gefe. Malam Labaran shi ne limamin unguwa, kuma ya daɗe yana kawar da kai duk lokacin da Bahago ya wuce da gwiwoyi a waje. Kowa ya san ƙa'idar: in dattawa suka ɗaga hannu suka shafa maka Fatiha a kan ka bar wani abu, ka bar shi ke nan. Wanda ya koma, ba ƙwallo ya buga ba, fuskar manya ya taka. Ga shi kuma ba a ce wa liman kada ya yi addu'a. In ya ƙi zuwa fili, a ce ya guje wa malamai. In ya tuɓe ya shiga raga don ya ƙaryata zancen, ya karya alkawarin Lawal, gwiwar kuma ba za ta kai ranar Kongo ba.

Ranar Asabar fili ya cika fiye da yadda wasan sada zumunta ya cancanta. Dattawa suka jeru a gindin darbejiya, aka sa Bahago a tsakiya. Lawal yana can gefen fili, fuskarsa kamar wanda ya fasa tulun surukai, don sai a lokacin ya gane abin da tabarmarsa ta jawo. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura wa Jalo ƙwallo biyu, ɗaya ma ta tsakanin ƙafafunsa ta bi.

“Bahago, tashi! Bahago, raga na kuka!” in ji 'yan kallo.

Ƙafarsa ta motsa da kanta. Ya danne ta da hannu, ya ci gaba da tauna goro.

Da aka busa hutu, Malam Labaran ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya fara ɗaga tafukansa. Dattawa suka bi shi. Nan Bahago ya sauka daga tabarmar ya durƙusa a ƙasa a gabansa.

“Allah gafarta Malam, kafin hannu ya kai sama, almajirinka yana da tambaya.”

Liman ya dakata. Ba a hana mai neman sani, ko da a tsakiyar fili ne.

“Muna jin ka, Aƙilu.”

“Ƙwallon ce haramun, ko gwiwar?”

Wani dattijo ya ƙware da goro. Malam Labaran ya dubi Bahago ta saman tabarau.

“Ban taɓa cewa ƙwallo haramun ce ba. Motsa jiki ne. Amma magidanci mai suruki, yana yawo da cinya a waje gaban jama'a, wannan bai dace ba.”

“To in aka rufe cinyar har idon sawu fa?”

“Da wando dogo za ka yi ƙwallon?”

“Ni gola ne, Allah gafarta Malam. Ba gudu nake yi ba, masu gudu ne suke zuwa wurina su sha kunya.”

“Shekarun fa?”

“Shekarun ne suka zaunar da ni a tabarmar nan. Yaron can ya ce in huta, na huta, ga shi kuna gani ana cin mu ban tashi ba. Yanzu saura gwiwar. Tunda an riga an taru, kuma hannu ya fara tashi, kada a mai da shi wofi. A roƙa mata lafiya ta kai mu ƙarshen gasa.”

Liman ya danne dariya, gemunsa yana rawa kaɗan. Ya juya ga dattawa.

“Kun ji maƙeri. Mun zo karɓar dattijo, ya mai da mu masu ɗori.” Sannan ya nuna Bahago da carbi. “Bana kaɗai. Kuma in na hangi ko ƙwaurinka a waje, a nan cikin fili zan shafa wadda na fasa yau.”

“Na ji, na karɓa.”

Aka ɗaga hannu, aka roƙa wa gwiwar Bahago lafiya, fili gaba ɗaya ya amsa da amin, har da 'yan ƙungiyar da suka zo wasa da su. Ya koma ya zauna har aka tashi, haka kuma ya zauna a sauran wasannin share fage, yana ba dattawa labarin kansa har wasu suka fara sauya wurin zama.

Ranar buɗe gasa 'yan Kongo suka iso da labarin cewa tsohon golan Ƙofar Kibo ya ajiye. Sai ga mutum ya fito daga bayan masallaci da baƙin wando har idon sawu, gemu fari-fari, yana tafiya ba ɗingishi. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba Kongo fanareti. Ɗan wasansu ya ajiye ƙwallo, ya dubi wandon, ya yi murmushi.

“Baba, daga ɗaurin aure kake?”

“Buga, ɗana,” in ji Bahago, yana buɗe hannuwa. “Ubanka ma ya gwada.”

Yaron ya buga da ƙarfi ta kusurwa. Bahago ya tashi sama a kan gwiwar da ta huta, ya doke ƙwallon da hannun hagu, ta haye raga ta faɗa cikin 'yan kallo.