Mai Kunu da Kan Sarkin Dalar Gyaɗa

Duk Toranke babu wanda bai san Malam Abdulmuttalib da tara kan sarki ba. Manomin gyaɗa ne kamar kowa, amma tun yana saurayi, lokacin da yayansa ke aiko wasiƙa daga Legas, ya saba jiƙa ambulan a ruwa ya ɓare kan sarkin ya adana. Da aka daina rubuta wasiƙa sai ya koma gwanjon intanet, inda mai kaya ke sa hoto, masu so su yi ta tayi a waya har wa'adi ya cika.

Da kaka wani Musbahu na Kano ya sa tsohon kan sarki mai hoton dalar gyaɗa. Malam yana cin tuwo ya gani, ya ture kwanon ya taya. Bai kai ga wanke hannu ba wani mai suna Mai Kunu ya ɗora kaɗan a kan tayinsa. Ya ƙara, Mai Kunu ya ƙara. Haka suka yi ta yi har ranar kasuwar Ajingi, inda ya kai kukansa wurin abokinsa Datti direban bas.

Datti ya karɓi wayar ya duba, ya yi dariya. "Malam, wannan ai yaron mai kayan ne. Ka ga yadda muke zaunar da mutanenmu a mota a tasha don fasinja ya ɗauka ta kusa cika? To kai ne fasinjan."

Ran Malam ya ɓaci. Nan take ya kira Musbahu ya wanke shi tas. Musbahu ya rantse bai san Mai Kunu ba, ya ce shi ko kunun ma ba ya sha. Rantsuwar ba ta shiga kunnen Malam ba. Ranar da wa'adi zai cika ya yi tayi mai tsoka, ya jira Mai Kunu ya ɗora, sannan ya kashe wayar ya saɓa fartanya ya tafi gona. Bari ɗan koren ya sayi kayan ubangidansa.

Da la'asar ya dawo yana murmushi, ya tarar da matarsa Hanne tana suyar ƙuliƙuli. Yana cikin ba ta labarin dabararsa wayarta ta yi ƙara. Hannunta duk mai, sai ta danna da gwiwar hannu, murya ta fito fili.

"Hajiya Mai Kunu, barka da arziki. Musbahu ne. Kan sarki ya zama naki, ina za a kawo?"

Malam ya juyo ya dubi Hanne.

"Maman Khaula," in ji Malam a hankali, "ke ce?"

"To Malam, rufin kicin ɗin nan tun bara yake yoyo, kai kuma kana bin takarda da ba ta kai farce ba. Cewa na yi in ta yi tsada za ka haƙura. Na ɗauka tun ranar farko za ka gaji."

"Ai na haƙura."

"Sai yau ka ga damar haƙura?"

Ba yadda ta iya, ta biya daga cinikin man gyaɗarta, Datti ya taho da kayan daga Kano yana ta ƙunshe dariya. Malam ya miƙa hannu, Hanne ta cusa ambulan ɗin a lalitarta. Ta ce in yana so ya taya. Ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara, ta ce albarka. Ƙanwarta Zuhra, wadda ta zo ziyara daga Balan kuma ba ta taɓa ganin kan sarki ba, ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce ita ma tana so, ta ɗora a kan tayinsa.

Malam ya dube ta. "Zuhra, me ke jikin hoton?"

Ta saci kallon yayarta. "Masallaci?"

Ya tashi ya bar musu wurin. Kafin sati ya zagayo ya hau ya gyara rufin da kansa, amma Hanne ta ce wannan hakkinsa ne, ba ciniki ba. Yanzu kan sarkin yana cikin kwallarta. Ran Juma'a bayan an sauko takan fito da shi ya kalla, in ya wanke hannu da sabulu. Kwanan baya ta tambaye shi ko masu hoton tsuntsaye suna tsada, ya ce bai sani ba.