Ƙasar Bakin Raga

Ana cikin kafa rumfunan makoki a ƙofar gida Araba ta ja ƙanenta Ekow gefe, ta tura masa baƙar leda a tafin hannu.

"Tafi yanzu, tun kafin a kawo shi daga asibiti."

"Araba, kin san abin da kike cewa kuwa? Jibi ne wasa."

"Ni ban san wasa ba, ubana na sani. Gobe da sassafe za a rufe akwati. So kake a rufe shi haka, kamar wanda bai haifu ba?"

Ekow ya dubi ledar. A Sekondi, duk ɗan Loko na gaske, wato mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan reluwe masu jar riga, idan ya mutu ba a rufe akwatinsa sai an zuba masa ƙasar bakin ragar filin Loko, kuma ɗansa namiji ne zai ɗebo da hannunsa. Ubansu, Egya Bentsil, ya yi wa reluwe aiki har ya tsufa, bai taɓa fashin wasan Loko ba sai da ƙafa ta ƙi. Ɗa namiji ɗaya ya bari. Shi kuwa ɗan, kaf garin an san shi: shi ke dukan babbar gangar Apofo, ƙungiyar masunta, masu shuɗiyar riga.

Dangin da suka sa ranar jana'iza ba su tambayi kowa ba. Sai ga ta ta faɗo a makon da Apofo za ta je gidan Loko, makon da ko kare ba ya gilmawa ta jikin katangar filin.

"Su ma mutane ne," in ji Araba. "Ka gaya musu gaskiya."

"Wanda suka kama bara ma ai gaskiya ya gaya musu."

Araba ta juya wajen masu jera kujeru.

Ya cire shuɗin zaren da ke wuyan hannunsa ya jefa a aljihu, ya yafa baƙin zanen makoki, ya tare bas. Inda zaren ya zauna fatar ta yi haske kamar an zana.

Tun daga mararrabar kasuwa garin ya canza. Kowane turken lantarki an ɗaura masa jan ƙyalle. Masu shaguna suna shigar da kayansu ciki tun rana tana sama. A cikin motar babu mai wata magana sai ta jibi.

"Sun ce tun shekaranjiya yaran Loko ke kwana a filin," in ji wata mai kwandon tumatir.

"Dole su kwana," in ji direba. "Masuntan nan, ka ba su ƙwayar ƙasa ɗaya daga bakin raga, gola sai ya ga ƙwallo ta zama uku."

"Wancan na bara fa, da aka kama da ƙwai a aljihu?"

"Yana nan. Ido ɗaya ya rage masa. Ya ce karin kumallonsa ne."

Aka yi dariya, ban da Ekow. Ya ja zanen ya rufe hannunsa.

Bai taɓa zama ya zaɓi Apofo ba. Yana ƙarami ubansa kullum yana kan jirgin ƙasa mai zuwa Kumasi, sai ya yi mako ba a gan shi ba. Wata Lahadi ƙanen uwarsa, Wofa Atta masunci, ya saɓa shi a wuya ya kai shi kallo. Abin da ya iya tunawa kaɗan ne: ƙarnin kifi a gashin kawun, ganga tana buga masa a ciki, sai ihu ya tashi, kawun ya cilla shi sama ya cafe. Shi ke nan. Da uban ya dawo da 'yar jar riga a cikin jakarsa, yaro ya ce ba ya so. Egya Bentsil bai dake shi ba. Ya ninke rigar ya mayar. Amma daga ranar, duk ranar wasa ba su ƙara cin dokunu, tuwon masarar garin, a kwano ɗaya ba.

Ya sauka nesa da filin ya taka da ƙafa. A bakin ƙofar akwai tokar wutar da aka kwana ana hurawa, da samari zube a kan benci, kowa da gora ko guntun ƙarfen dogo a kusa da ƙafarsa. Hirarsu ta tsaya. Wani ƙato mai jan ƙyalle a goshi ya miƙe a hankali. Birki ake ce masa. Ekow ya san shi, sun sha zagin juna daga ɓangare zuwa ɓangare, amma bai taɓa ganinsa kusa haka ba.

"Jama'a, ko idona ne? Mai gangar masu ƙarnin kifi!"

"Na zo ne a kan maganar—"

"Ka ɓata hanya? Teku tana can baya."

Kafin ya ƙarasa an riƙe masa hannu biyu. Aka zazzage aljihunsa. Waya ta faɗo, shuɗin zare ya faɗo, sai ledar. Birki ya ɗaga ta da yatsa biyu ya nuna wa kowa. Babu wanda ya yi dariya.

"Leda. Babu komai a ciki. Wato ba kawowa ka yi ba, ɗiba ka zo yi."

"Ubana ya rasu. Bentsil. Kun san shi."

Marin ya sauka a kunnensa, duniya ta yi shiru na ɗan lokaci. Ya ji an ja ƙarfe a kan siminti. Ya ga wani ya ɗaga waya yana ɗauka.

"Ku sake shi."

Wani tsoho ne ya fito daga ɗakin mai gadi yana dogara sanda. Papa Essuman, wanda suka yi aikin jirgi tare da ubansa. Ya tsaya yana kallon Ekow daga sama har ƙasa.

"Goshin Bentsil ne, ba shakka. Kai ne ka ƙi rigar."

"Ni ne, Papa."

"Ya gaya mini. Sau ɗari ya gaya mini, har na gaji." Ya juya ga samarin. "Bentsil yana zama a kan bencin can tun ba a haifi iyayenku ba. Ƙasarsa ce. Haƙƙinsa ne."

"Papa, a makon nan?" in ji Birki. "A hannun wannan? Ni da aka haifa cikin jar riga ba zan tsaya ina kallo—"

"Wa ya haife ka cikin jar riga? Uwarka soyayyar doya take sayarwa a ƙofar nan, 'yan wasa suna ba ka ragowar burodi kana bin su da majina. Burodi ne ya kawo ka Loko."

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya haɗiye.

"Ni kuma mace ce ta kawo ni," in ji tsohon. "Ita ke son ja, na bi ta. Ta auri ɗan sanda, ni aka bar ni da Loko. Wannan kuwa wani ne ya riga ubansa ɗaga shi sama. Duk cikinmu wa ya zauna ya yi shawara?"

Birki bai yi dariya ba. "To idan ƙasar ta ƙare a bakin teku, a hannun masunta fa?"

"Ni na tsaya masa."

"Ka ji da kyau, Papa. Kowa ya ji. Idan aka ci mu jibi a gidanmu, gidanka za mu fara zuwa." Ya matso har Ekow yana jin numfashinsa. "Sannan naka. Ko ana makoki."

Suka sa ya cire takalmi. Suka wanke masa ƙafa da hannu da wani ruwa mai ganye a bokiti, suka sa shi a tsakiya har bakin raga. Wurin ya ƙwaƙule saboda tsayuwar gola, ƙasa ja gauraye da farar hodar layi. Ya durƙusa. Da ya ɗaga kai sai ya hango bencin da tsohon ya nuna, can ƙarƙashin kwanon da ya yi tsatsa. Duk shekarun nan yana dukan ganga a ɗaya ɓangaren, bai taɓa sanin daga nan ubansa ke hango shi sarai ba. Ya sa farce ya kankaro cikin tafi ɗaya.

"Ya isa," in ji Birki.

Bai kai ga titi ba waya ta fara ruri. Fiifi ne, shugaban matasan Apofo, wanda rumfarsa ke jikin ta Ekow a bakin teku, inda Ekow ke gyaran injin kwalekwale.

"Namiji! Kai, namiji! Mun gani a waya! Har bakin raga, su da kansu suka raka ka!"

"Fiifi, ba abin da kake zato ba ne."

"Ka yi musu wayo da gawar tsoho! Wa zai yi wannan tunanin in ba kai ba? Shekara nawa muna zuwa filin nan ana lallasa mu, ko kunnen doki mun kasa samu. Kawo ta. Muna ƙofar gidanku, mun zo gaisuwa. Bokanmu yana jira a bakin ruwa, ya ce kafin rana ta faɗi."

"Ta ubana ce."

Can baya a wayar yana jin muryoyi da yawa.

"Ekow, tsoho ya riga ya tafi. Wace ƙasa ce ba za ta ishe shi ba? Gobe ma ƙasa za a tula masa." Muryar ta sauka. "Kada ka sa mutane su fara cewa jinin ubanka ya motsa. Ka san inda rumfarka take. Ka san su wa ke kawo maka aiki."

Ya kashe wayar.

A cikin bas ya riƙe ledar a ƙarƙashin zane da hannu biyu. Kunnensa yana zafi. Saura tasha ɗaya a kai unguwarsu ya buga jikin mota ya sauka. Ya sayi dokunu ɗaya a wajen wata mata don kawai ta ba shi baƙar leda, ya miƙa wa wani mahaukaci dokunun. A bayan makarantar firamare akwai filin da yara suka cinye da ƙafa. Ya duba gabas ya duba yamma, ya durƙusa ya kankaro cikin tafi ɗaya. Ya goga dutse a jikin katangar makarantar, farin fenti ya zubo, ya gauraya, ya zuba a sabuwar ledar. Ta gaskiyar kuwa ya ɗaure ta a ƙugu, cikin wando.

Sun kai su ashirin a ƙarƙashin rumfa, duk cikin baƙin zane, shuɗin zare yana leƙowa a hannuwansu. Da suka hango shi suka miƙe. Ba su yi ihu ba saboda gidan makoki ne, sai dai kowa yana son ya taɓa kafaɗarsa. Fiifi ya karɓi ledar ya buɗe, ya kai hanci.

"Kai! Har warin man jirgi take yi!"

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Fiifi ya ƙulle ledar, ya riƙe hannun Ekow bai saki ba.

"Mutumin ya ce in dai ta bakin ragar ce, babu yadda za a yi su ci mu. Bai taɓa kuskure ba." Ya dube shi cikin ido. "In aka ci mu, to ba ita ba ce. Ka gane ai."

"Na gane."

Suna fita motar asibiti tana shigowa. Mata suka ɗauki kuka. Ekow ya ratsa ta cikinsu ya shiga ɗakin da aka ajiye akwatin, Araba ta biyo shi ta turo ƙofa. Ya kwance ledar daga ƙugunsa. Ta dube ta, ta dubi kumburin fuskarsa, ta dubi ɓangaren da su Fiifi suka bi.

"To waccan da ka ba su fa?"

"Kada ki tambaya."

Ya ɗaga matashin da ke cikin akwatin zai zuba, sai ya ga an riga an sa wani abu a ƙarƙashi. 'Yar jar riga ce ta yaro, a ninke, ko sau ɗaya ba a sa ta ba.

"A cikin jakarsa na same ta," in ji Araba.

Ya zuba ƙasar a kanta a hankali, har ƙwayar ƙarshe, ya mayar da matashin.

"Shi ke nan," in ji ta. "Ka sauke. Yanzu sai ka huta."

Bai motsa ba. Daga can bakin teku an fara gwada ganga, wani ne ke dukan gangar Ekow, bai iya ba. Daga tudun reluwe kuma wata ta amsa. Ya tuna Papa Essuman da sandarsa, da ƙofar gidansa ta langa-langa wadda ko yaro zai iya ɓallawa. Ya tuna rumfarsa, da injunan mutane a ciki, da jarkokin fetur jere a jikin bango. Ya durƙusa a gefen akwatin ya haɗa hannu, leɓɓansa suna motsi.

Araba ta dafa shi. "Me kake roƙa masa?"

"Shi ai ya samu nasa."

"To me kake roƙo?"

Ekow, wanda tun yana kan wuyan kawunsa bai taɓa roƙon komai a ranar wasa ba sai nasara, ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba:

"Kunnen doki."