Shayin Gangaren Naƙab

Saura kwana shida Tahani ta cika shekara a garejin kamfanin nan na Zarƙa, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa fitar da tirela ƙofar gareji ba. Aikinta kullum ɗaya ne: ta ja mota daga wurin wanki zuwa wurin lodi, ta sauko, wani namiji ya hau ya nufi tashar jiragen ruwa ta Aƙaba. Hoto kuwa an ɗauke ta har ta gaji. Duk baƙon da ya zo, sai Ustaz Ra'id manaja ya aika a kira ta, a ɗora mata hular kamfani a kan ɗankwali, ta tsaya jikin taya. Hotonta na nan a bangon ofis, ya fi ƙofa girma, an rubuta a ƙasansa wai hanya ta kowa ce. Ta kowa fa!

Su uku mata aka ɗauka aikin. Ɗaya ta koma ofis tana amsa waya, ɗaya ta koma gida. Tahani ce ta yi taurin kai ta zauna.

Dokar kamfanin ba ta da wata sarƙaƙiya. Sabon direba ba ya samun doguwar hanya sai wani babban direba ya zauna gefensa sun sauka gangaren Naƙab da kaya, ya sa masa hannu a takarda. In shekara ta cika babu sa hannu, sai ka ajiye hula ka kama gabanka. Manyan direbobi arba'in ne a garejin, kuma kowanne da uzurinsa a aljihu. Awa shida a kan mota da matar da ba muharramarsa ba? A'a, su masu tsoron Allah ne. Abu Jasir, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya fi iya faɗa.

"Ni da ke mu biyu, 'yar'uwa? Na ukunmu Shaiɗan, na huɗunmu uwargidana da takalmi a hannu!"

Sai a kwashe da dariya. Ustaz Ra'id kuwa in ta je masa, sai ya buɗe hannuwa, ya kira ta da sunan ɗanta.

"Ummu Lais, ni ba zan ɗaure mutum in jefa shi motarki ba. Ƙofarmu dai a buɗe take, kin gani."

Da farko ta yi fushi, ta yi kuka a ɓoye. Daga baya abin ya daina yi mata zafi. Zuciyarta ta koma kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an tsikare ta ba ta ji. Ta zo, ta ja mota, ta tsaya hoto, ta tafi gida ta dafa wa ɗanta abinci.

Abin da babu wanda ya sani a garejin shi ne, cikin arba'in ɗin nan akwai mutum ɗaya da uzurin bai shafe shi ba: Muflih. Uwar Tahani ta rasu tana da kwana ashirin a duniya, maƙwabciyarsu Hajja Fidda ta shayar da ita tare da ɗanta Muflih. Ɗan'uwanta ne na shan nono, muharraminta ne a gaban kowane malami. Kuma marigayi uban Tahani ne ya koya masa tuƙi, shi ya zauna gefensa ranar da ya fara sauka Naƙab. Amma tun ranar da ta fara aiki Muflih ya tare ta bayan wurin wanki ya ce, "A nan ba ki san ni ba, ban san ki ba." Ta ce to. Ta riƙe masa wannan alkawarin har wata goma sha biyu.

Ranar Juma'a ta je gaida Hajja Fidda kamar kullum. Suna tsinke ganyen inabi ta ce, da muryar da ake faɗin gishiri ya ƙare, "Inna, Alhamis zan bar aikin. Zan koma motar 'yan makaranta."

Tsohuwa ta tambayi dalili. Tahani ta faɗa mata. Ba ta roƙi komai ba, wallahi ba ta ma yi tunanin roƙo ba.

Lahadi da hantsi, direbobi na zaune a inuwa suna jiran lodi, sai ga tasi ta ajiye Hajja Fidda a tsakiyar gareji, da sandarta da baƙar rigarta. Ba ta nemi ofis ba. Ta tsaya ta ɗaga murya.

"Ina Muflih? Kai, ɗan Fidda, taso!"

Muflih ya taso, ƙaton mutum mai furfura a gemu, yana cewa, "Inna, lafiya? Mu je waje, don Allah."

"Wajen ina? Nan ɗin ma waje ne. Ku masu gashin baki, ku saurara. Wannan ƙaton da waccan yarinyar, nono ɗaya suka sha. Shi dama, ita hagu, wata goma sha takwas. Shi ya fi ta cizo. In akwai wanda ke da ja, ya kawo Alƙur'ani in dafa."

Sai Abu Jasir ya fashe, yana kiran Muflih da sunan ɗansa. "La ilaha illallahu! Abu Sa'ad, ashe ƙanwarka ce ke tallar kamfani a bango, ka yi shiru? To ina naka hoton?"

Dariya ta ɓarke. Hajja Fidda ba ta kula su ba, ta nuna ɗanta da sanda. "Za ka hau motarta. In ba ka hau ba, ban yafe maka nonona ba."

Tahani na tsaye jikin bututun wanki tana kallo. Ta ga kunnuwan Muflih sun yi ja. Ta san ya kamata ta ji daɗi, ko kunya, ko tausayinsa. Ta laluba ba ta sami ko ɗaya ba, sai ta rufe famfo don ruwa na zuba.

Talata da sassafe suka fita da lodin duwatsun gini. Muflih ya hau, ya cire takalmi, ya ja rawaninsa mai ja da fari ya rufe fuska. Ta ce, "Ina kwana, Yaya." Ya ce, "Tuƙa."

Shi ke nan hirar tasu har garin Ma'an. Hanyar hamada ta miƙe, motoci na wuce su, wasu direbobin na leƙowa, wasu na danna oda, wani ma ya ɗaga waya ya ɗauke ta hoto. Ita dai idonta na kan titi. Shekara guda tana mafarkin wannan hanyar, yau ga ta a kanta, amma kwalta ce kawai da yashi.

Da suka iso bakin gangaren Naƙab, ta rage gudu tun kafin hancin motar ya sunkuya, ta sa ƙaramar giya kamar yadda ubanta ke faɗa: da giyar da za ka hau tudu, da ita za ka sauka. Nauyin duwatsu ya fara turo ta daga baya. Ta bar inji ya riƙe, ta taɓa birki ta saki, ta taɓa ta saki. A kwana ta farko ta lura da ƙafar Muflih. Mutumin da wai ke barci, ƙafarsa ta dama na danna ƙasa, tana neman birkin da babu. A kwana ta biyu ma haka. A ta uku ƙafar ta kwanta, ba ta ƙara motsi ba har suka sauka.

A ƙasan gangaren akwai fili inda direbobi ke tsayawa tayoyi su huce. Akwai kuma al'ada, wadda ba a rubuce take ba amma ta fi dokar kamfani ƙarfi. Duk wanda ya sauka Naƙab karon farko, shi zai buɗe akwatin gefen tirelarsa ya dafa shayi. Wanda ya zauna gefensa zai fara sha, sauran su biyo. Daga ranar ya zama na hanya: in tayarsa ta fashe za a tsaya masa, in ya shimfiɗa abinci za a zauna. Tahani ta san wannan tun tana yarinya, shi ya sa ta zo da butar ubanta.

Motoci huɗu na kamfaninsu na tsaye a filin, har da ta Abu Jasir. Mazan na tsugune a inuwar tirela suna cin soyayyen tumatir da burodi a kasko ɗaya. Ta kunna ƙaramin gas, ta zuba ganyen shayi da sukari da ganyen ƙamshin nan maramiya, ta jera kofuna shida a kan murfin akwatin.

Muflih ya sauko ƙafa ba takalmi, ya zagaya motar yana dafa kowace taya da bayan hannu. Babu wadda ta yi zafi. Ya dawo ya ce, "Kawo takardar."

"Ba mu kai Aƙaba ba, Yaya."

"Gangaren ne jarrabawa. Sauran hanya ko jaki ya iya."

Ya ɗora takardar a kan tankin mai ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya miƙa mata. Aikinta ya tsaya da ƙafarsa. Ta kalli takardar, ta ninke ta biyu, ta sa a aljihu kamar takardar da aka ƙunso burodi.

Sannan ta zuba shayi, ta miƙa masa kofin farko da hannun dama.

Daga inuwa Abu Jasir ya ɗago murya. "Sha mana, Abu Sa'ad! Ai kun saba shan abu ɗaya!"

Wannan karon ba kowa ne ya yi dariya ba. Sun daina cin abinci, suna kallo. Da ya sha, da sun taso, don al'ada ce, ba mai iya ƙi. Muflih ya kalli kofin, ya kalli butar. Ya gane ta sarai, a cikinta ya dafa nasa shekara ashirin da suka wuce, uban Tahani ya fara sha. Hannunsa ya ɗago kaɗan, sai ya mayar da shi aljihu.

"Hannu na sa saboda Inna," ya ce a hankali. "Shayin kuwa, Tahani, kar ki sa ni. Da mutanen nan nake cin abinci."

Ya ɗauko jakarsa daga motarta, ya je ya tsuguna cikinsu. Aka matsa masa, aka miƙa masa burodi.

Tahani ta tsaya da kofin har ya daina tururi. Ba ta ji haushinsa ba, ta so ma ta ji. Ta shanye nata a tsaye, ba ta ji sukarin ba. Sauran biyar ɗin ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya a gindin taya, ta ɗauraye kofunan, ta rufe akwatin. Ta hau, ta gyara madubi, ta ɗauke takalman da Muflih ya manta a ƙasan kujera ta ajiye masa a bakin titi. Sannan ta sa giya ta kama hanyar Aƙaba ita kaɗai.